Sunan Ƴar Fari a Rumfar Hatsi

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da na tsaya a tsakiyar rumfar hatsi ta kasuwar Tanut ba, hula a hannu, gumi na bin ƙeyata, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Abin haushin, ba wanda zan ɗora wa laifi. Da bakina na jawo, kuma da bakin nawa na biya.

Ni mai sayar da hatsi ne. Da kaka in bi ƙauyukan Damargu in sayi gero, in jibge a sito, in jira farashi ya ɗaga. Muna da ƙungiya, mu masu buhu da tsofaffin mata masu awo da tiya, shugabanmu kuwa Alhaji Mato, wanda shi ne mahaifin matata. (Mai hankali, in surukinsa ke jagorantar taro, da rabin murya yake magana. Ni Allah bai ba ni wannan baiwar ba.)

Da can, in ciwo ya kwantar da ɗayanmu ko wani nasa, hula ake zagayawa da ita rumfa-rumfa a yi karo-karo. Wani ya sa, wani ya ce bai yi ciniki ba tukuna, wani da ya hango hular sai fitsari ya kama shi. Kafin a haɗa na mota zuwa Damagaram, wani lokaci mara lafiyar ya riga ya huta. Shi ya sa da aka kawo shawarar mu buɗe asusun lafiya, irin wanda ma'aikata ke ce wa mituwal, kowa ya ce madalla. Kowane magidanci ya zuba wani abu da kaka a kan kowane mutum na gidansa, in ciwo ya zo asusu ya ɗauki magani da mota. Har nan ba gardama. Inda aka rabu shi ne: dole ne, ko ganin dama?

Ni ina ɓangaren dole, kuma ba da wasa ba. Wanda ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne Ari, ɗan goggona, taubashina, wanda tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Kai da kake da sito ai ka ce dole," in ji Ari. "Tsohuwar da ke auna tiya biyu ta ci da marayu fa? Wanda bai da na tuwon yau, shi za ka ce ya ajiye na allurar baɗi?"

Na ce, "Rigakafi ya fi magani, Ari. In aka ce ganin dama, masu lafiya su noƙe, masu tari su cika asusun. Wata nawa zai yi?"

"To wanda ya kasa fa? Ka ci shi tara? Ba shi da na shiga, a ina zai samo na tara? Ka tarar da mutum a rami, ka ƙara masa ƙasa?"

Gaskiya maganarsa ta shiga mutane, har ni ma ta ɗan taɓa ni, amma wa zai yarda taubashi ya kayar da shi a gaban suruki? Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka daidaita: shiga dole ne, amma wanda aka san ba shi da hali, masu buhu za su ɗauke masa. Saura mai hali da zai yi wayo, ya rubuta rabin gidansa ya ɓoye rabi, sai ciwo ya zo ya kawo wanda bai rubuta ba. Ari ya ce shi dai ba ya son tarar kuɗi. Nan fa dabara ta faɗo mini, na miƙe ina gyara babbar riga.

"To a bar kuɗi," na ce. "A ci shi tarar kunya. Ya biya abin da ya tsallake, sannan ranar taro ya miƙe a tsakiyar rumfar nan, ya faɗi sunan wanda ya bari a baya. Sunan yanka, da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa zai ji. Mu ga mai idon da zai sake."

Aka tafa. Tsofaffi suka yi guɗa. Na zauna ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci. Aka naɗa Ari ma'aji, wai mai ƙin abu shi ya fi iya tsaronsa.

Yanzu sai in gaya muku abin da ke gidana. Ina da ƴar fari. Tun da aka yaye ta, mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Gangara, can ta girma. Kuma sunan mahaifiyar tawa aka sa mata. Kun ga ke nan kunya biyu ta haɗu a kan suna ɗaya: na ƴar fari, da na uwa. Mutane na ce mata Ummi, ni ko wannan ban iya ba. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar can". In na je Gangara ta kawo mini ruwa, sai in karɓa ina duban katanga. Haka na ga ubana ya yi da yayana, haka na tashi, ban taɓa jin wani abu ne ba.

Ranar rubuta sunaye, sakatarenmu ya kafa tebur a rumfa, Alhaji Mato na zaune daf da shi yana jan carbi. Ni na fara shiga layi, don a ga mai doka a gaba. Sakatare ya ce, "Yara fa?" Na buɗe baki, na dubi Alhaji, na rufe. Sai na fara daga na biyu, na gangaro har auta.

"Shi ke nan?" in ji sakatare. Baƙo ne a garin, bai san gidana ba.

"Shi ke nan," na ce.

A raina na ce zan zagayo ta baya in gyara. Abin da ban sani ba, duk sauran magidanta sun riga ni hankali. Kowa ya turo ƙanensa ko abokinsa ya faɗi sunan ɗan farinsa, aka wuce wurin. Ni da nake ta baza riga ina yi wa mutane wa'azi, ban tambayi kowa yadda ake yi ba. Kaka ta kankama, yau ina Belbeji gobe ina wani ƙauye, na zuba duk jarina a buhuna, maganar gyara ta bi iska.

Ba a jima ba aka kira ni daga Gangara, wai yarinyar can ciki ya murɗe ta, an taho da ita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin Tanut, ya danna cikin, ta yi ƙara, ya ce wannan sai Damagaram, aiki za a yi mata, kuma yau. Ban iya shiga ɗakin ba, a bakin taga na tsaya. Na hango ta a kwance ta dunƙule, leɓenta ya bushe, ba ta ko kuka. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba bakin faɗa, don uba ba ya nuna damuwa a kan ɗan fari.

Na ruga wurin Ari. Ga gero a sito, amma a lokacin kowa sayarwa yake, ba mai saye, in na karyar ma ba zai kai ko'ina ba. Ari ya duba littafin sunayen asusu, ya sake dubawa, ya ɗago kai.

"Ba Ummi a nan."

"Ari, don Allah."

Bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Ya tashi muka je wurin Alhaji Mato, Alhaji ya ce a fitar da kuɗin yanzu, ciwo ba ya jiran taro. Ari ya raka ni har bakin ambilans, ya taimaka aka sa ta, matata da mahaifiyata suka shiga. Sai da motar ta tashi ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma ka sani, dokarka na nan na jiranka. In mai doka ya zille, gobe kowa ya zille, asusun ya mutu."

Aka yi aiki, Allah ya sa an dace. Muka dawo da ita gidana na Tanut don ta ƙarasa warkewa. Ni kuwa tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Na je wa Alhaji da zancen ko za a bari ƙanena ya miƙe a madadina. Ya ja carbinsa ya ce, "Da na ji ka tsallake amaryata, na zaci za ka zagaya ka gyara kamar kowa. Yanzu kuwa, ai kai ka ce mutum ya miƙe da kansa. Ko ba haka ka ce ba?" Haka na ce.

Ranar taro rumfa ta cika har waje. Masu goro, masu amalanke, har wasu Buzaye da suka zo sayen gero suka tsaya, don an ce musu akwai kallo. Tsofaffin nan masu tiya, ƙawayen mahaifiyata tun ƙuruciya, suka jeru a gaba. Ari ya miƙe ya yi sallama ya ce, "Jama'a, yau mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Bismillah, taubashi."

Na tashi. Na cire hula (har yau ban san dalilin cire ta ba). Na yi gyaran murya, na yi salati, na yi godiya ga shugaba, na yi godiya ga ma'aikatan likita, na fara jawabi a kan amfanin haɗin kai.

"Suna," in ji Ari.

"Yarinyar can ce ta Gangara."

"Gangara cike take da yara."

Na ce, can ƙasa-ƙasa, "Ummi."

"Wace Ummin? Kasuwar nan Ummi ta fi buhu yawa. Sunan yanka ka ce, kuma yadda na bakin ƙofa zai ji. Kai na bakin ƙofa, ka ji?"

Wani mai amalanke ya ce, "Ban ji komai ba!"

Na dubi Alhaji Mato ko zai cece ni. Ya kafa wa carbinsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Na dubi tsofaffin, wata har ta riga ta ja mayafi ta rufe baki. Sai yarinyar ta faɗo mini a rai, yadda na gan ta ta taga, da leɓenta busasshe. Na ce a raina, wadda aka yanka wa ciki ba ta yi raki ba, kai suna kawai za ka faɗa. Na runtse ido, na ɗaga murya, na faɗa. (Kada ku sa ran zan rubuta shi a nan. Sau ɗaya ya isa.)

Saboda tsabar ruɗewa, ƙarfin da na sa ya wuce na bakin ƙofa, sai da masu nama na can ƙarshen layi suka waiwayo. Rumfa ta fashe da dariya. Tsofaffi na tafa hannu suna salati: "La'ilaha! Ya kira uwarsa da suna a kasuwa!" Wata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ɗan yau irina ba. Alhaji Mato ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ari kuwa har zama ya yi a kan buhu yana share hawaye. Na mayar da hula a karkace, na biya abin da na tsallake, aka rubuta ta. Ban tsaya addu'ar tashi ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyata na ganina ta juya baya, ta ce da matata, "Gaya wa wancan mara kunyar tuwonsa na ɗaki." Amma na ga gefen bakinta na motsi.

Na wuce zan shige ɗaki, sai na ji an ce, "Baba." Yarinyar ce, tana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ta rame, hannunta ɗaya a kan ɗinkin. Ba ta saba kirana ba, ni ma ban saba tsayawa ba. Na tsaya ina duban randa.

"Wai da gaske ka faɗi sunana a kasuwa?"

Na ce, "Doka ce."

Ta ɗan yi wasa da bakin tabarma. Sannan ta ce, "Ni na zaci ba ka san shi ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, murmushi ma take yi. Wallahi duk dariyar da aka yi mini a rumfa ba ta kai wannan zafi ba. Na shiga ɗaki na zauna gaban tuwo, na kasa ci.

Har gobe ina nan a kan bakana cewa asusun nan dole ne, Ari ma na nan a kan nasa cewa mun matsa wa talaka, kuma duk kaka sai mun sake ta da gardamar. Sai dai na koyi abu biyu. Duk dokar da zan kawo wa jama'a, sai na fara leƙa gidana na ƙirga kawuna. Ita kuma kunya, ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma yaro ba ya jin abin da ke cikin zuciyar ubansa, abin da ya fito baki yake ji. Yanzu in na je Gangara ta kawo mini ruwa, nakan dube ta in ce, "Sannu, Ummi." Mahaifiyata ta ce na lalace. Na yarda.