Ragon Da Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da ragon da na haɗa da hannuna ya kunyata ni a tsakiyar kasuwar dabbobi.

Ni mai gyaran rediyo ne a Daura, karatuna bai wuce sakandare ba. Ina da taubashi, Nafi'u, ɗan gwaggona, wanda ya yi karatun lantarki. Na girme shi da shekara shida, amma tunda ya dawo gida, ko fitila ta lalace sai ka ji an ce a kira Nafi'u. Abin yana cina ƙwarai.

Sai ƙungiyar masu sayar da dabbobi ta nemi a yi mata wani abin jan hankali da za a zagaya da shi Zango da Sandamu, don kiran mutane su kai dabbobinsu rigakafi. Nafi'u ya ƙera saniyar kwali mai motsa baki tana magana. Da na ji haka na ce ni ma zan yi rago, a zaɓi ɗaya. (Ba rigakafin ne ya dame ni ba, Allah ya sani. So nake a ce nawa ya fi.)

Akwai ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, shi ke juya injin da ke buɗe bakin. Wahalar ita ce bakin ya tafi daidai da muryar da ke fita a lasifika. Ni da ƙirgen daƙiƙa na yi nawa. In na kunna murya, rago ya yi shiru. In murya ta ƙare, sai ya hau tauna iska kamar mai tuƙa.

Nafi'u ya leƙo shagona, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Bawana, ragon nan naka kurma ne? Ka ja waya daga lasifika zuwa allon mana, bakin ya riƙa bin ƙarfin muryar da kansa."

Na ce, "Tafi can, ɗan boko. Ina wannan aikin kana tallan gyaɗa."

Yana fita na ja wayar. Abin ya yi daidai kamar me.

Na sake ɗaukar muryata a waya a tsakar gida, na zuba a memori. Duk gwajin da na yi, da zarar saƙon ya ƙare nake kashewa, don haka ban taɓa jin abin da ke bayansa ba. Ashe ban tsayar da ɗaukar ba.

Ranar kasuwa saniyar Nafi'u ta yi nata, aka tafa. Ragona ya buɗe baki: "Jama'a, ku kai mu allura kafin damina!" Fulani suka matso, dillalai suka bar ciniki. Alhaji, shugaban ƙungiyar, ya yafito ni, na bar makunni na tafi ina baza babbar riga.

Ina cikin gaisawa sai na ji muryar matata daga bakin rago: "Malam, wannan ba dabarar Nafi'u ba ce?"

Rago ya amsa da muryata, bakin nan na bin kowace kalma: "Tasa ce, amma ko yanka ni za a yi ba zan faɗa ba. Allah dai ya sa batirin saniyarsa ya mutu a gaban Alhaji."

Na ruga, rigar ta harɗe ni, na faɗi kan kashin awaki. Wani dattijo ya ce, "Ku bar shi ya ƙarasa, ragon ya fi mai shi gaskiya!" Alhaji kuwa carbinsa kawai ya ci gaba da ja yana kallona.

Saniyar aka zaɓa.

Da la'asar na je gidan gwaggo na nemi gafarar Nafi'u, kaina a ƙasa. Ya ce, "Na yafe, bawana. Amma ka ga yadda bakin ya bi daidai? Ko saniyata ba ta kai shi ba."

Yabon da na yi wata guda ina nema ke nan, kuma a kan zagin da na yi masa na same shi.

Yanzu duk abin da na ɗauka sai na saurare shi har ƙarshe. Hassadar kuwa ina ta istigfari, ta ragu sosai. Amma har yau in an ce a kira Nafi'u, sai na fara duba wayata kafin in yi tsaki.