Rasuwar Giwa, Mai Riƙon Amanar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni tela mai shago a ƙarshen layi nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu kawo mini ɗinki, rasuwar kwamfutata wadda aka fi sani da Giwa. Ta cika ranar Alhamis da yamma, a kan teburinta da ke ɗakin bayan shago, bayan doguwar jinya da gajeren ganganci. Jinyar tata ce, gangancin kuwa nawa ne, kuma zan faɗe shi da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Ba mu san ranar haihuwar marigayiya ba, don da girmanta ta zo gidan nan. Yayana, Allah ya jiƙansa, mai zanen taswira ne a wani ofis. Da ofishin ya sauya na'urori, aka ce ma'aikata su kwashi tsofaffin, shi ne ya ɗauro ta a bayan babur, yana tuƙi da hannu ɗaya yana tallafe ta da ɗaya. Da muka sauke ta a kan tebur, ƙafar teburin ta yi ƙara, Yaya ya share gumi ya ce wannan ai giwa ce, ba kwamfuta ba. Sunan ya zauna daga ranar. Idan aka haɗa shekarunta na ofis da na gidana, za ta haura ashirin da biyu.

Marigayiya mai ladabi ce. In ka danna mata maɓalli da rana tsaka ko da sassafe, sai ta yi shiru kaɗan kamar mai tuna sunanka, sannan ta ce “ɗiiit”, sau ɗaya tak. Daga nan fankarta ta ɗauka, “guuur, guuur”, cikinta kuma na “ƙirit, ƙirit” har ta gama shiri. Ba ta da sauri, wannan ba zan yi mata ƙarya ba don ta mutu. Nakan kunna ta in koma shago in gama kalmasar wando guda, in dawo in tarar tana kan hanya. Amma ba ta taɓa shiga abin da ba ruwanta ba. Ba ta san intanet ba, ba ta taɓa neman a sabunta mata komai ba, kuma a duk zamanmu ba ta taɓa tambayata kalmar sirri ba. Aikinta ɗaya ne, tsofaffin wasanni, irin waɗanda sababbin kwamfutoci ke kallo su kau da kai.

A cikin wasannin akwai na yaƙi wanda mutum biyu ke bugawa bi da bi a kan kibod ɗaya. Taswira ce mai kogi a tsakiya, gada guda, da ganuwa biyu. Yaya ke da runduna shuɗiya, ni ke da ja. Kowace Lahadi bayan na rufe shago zai zo, ya ja kujerar roba ya zauna a hagu, ni a dama, mu buga har yunwa ta tashe mu. Shekara da shekaru yana cin ƙaniyata, yana dariya yana cewa tela da almakashi aka san shi, ba da takobi ba.

Sai wata Lahadi, shekara goma sha biyu ke nan, Allah ya ba ni sa'a. Na tare shi a bakin gada, na zagaye masa dawakai, na toshe hanyar baya. Wallahi har na fara shirya irin tsiyar da zan yi masa. Ya daɗe yana kallon allo yana shafa gemu, can ya yi murmushi ya ce, “Ƙanina, na ga hanya. Amma bari ka kwana bakwai kana murna tukuna.” Ya adana wasan, ya sa hularsa ya tafi. Ranar Laraba zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin wata Larabar mun rufe shi.

Tun daga lokacin wasan yake a tsaye. Duk Lahadi nakan buɗe shi, ɗan rubutun da ke ƙasan allo yana ƙiftawa, yana nuna shuɗi ake jira. Ban taɓa buga masa ba, ba hurumina ba ne. Zama nake in yi ta kallon gadar nan ina neman hanyar da ya ce ya gani, ban gan ta ba har yau. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, to ni na hau rimin shekara goma sha biyu. In na gaji sai in rufe, in buɗe wani wasan in buga da Giwa, ita ma ta cinye ni. Ni kaɗai nake zaune a gidan nan, ban yi dacen zaman aure ba, wannan kuma wani labari ne. Muryar da nake ji bayan na kashe keken ɗinki ita ce ta fankar Giwa.

Saboda wannan amana da take riƙe da ita na hana ta mutuwa, ko da yake ta sha neman tafiya. Likitanta shi ne mai gyaran da ke tsallaken titi, wanda muke kira Injiniya. Shekarar da ta fara mance kwanan wata, ya sauya mata wani ɗan batir mai kama da kwabo. Shekarar da ta fara kukan “ɗit, ɗit, ɗit” sau uku ta ƙi buɗe ido, ya zare ƙwaƙwalwarta ya goge da abin goge fensir, ya ƙara mata wata da ya ciro daga cikin wata gawar. An sauya mata fanka sau biyu. Akwai lokacin da ya sa mata wata zuciya mai ƙarfi, wato abin da ke ba ta sauri, sai wani tsohon wasan tsere ya haukace, motoci na wucewa kafin ka ƙifta ido, dole muka mayar mata da tata ta gado. Injiniya ya ce a duk abokan cinikinsa ni kaɗai ne nake biya don a rage wa kwamfuta sauri.

Kuma duk zuwan da na yi, sai ya ce, “Maigida, kawo filash in kwafe maka wasan nan, faifan ajiyarta ya tsufa.” Ni kuma sai in ce sai wani zuwan. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Gani nake in aka taɓa wurin, wani abu zai goce, shuɗi ya daina jira. Kuma a zuciyata ina ganin kwafi ba shi ne ainihin abin da hannun Yaya ya adana ba. Ku ji fa, ni da ba na sa almakashi a yadin mutum sai na auna sau biyu, ni da nake ajiye awon wanda ya rasu tun bara a littafi don ko iyalinsa za su nema.

Ciwon ajali ya fara ne watanni uku da suka wuce, a katin hoto, wato abin da ke fitar da launi a allo. Layuka suka fara gilmawa, sannan shuɗi ya fara komawa wani irin toka-toka mai ɗaukar kore. Ja yana nan daram, rundunar Yaya ce kawai ke koɗewa. Wanda ba tela ba zai ce ai duk ɗaya ne. A wurina ba ɗaya ba ne, ina ganin bambancin shuɗi da shuɗi tun daga bakin ƙofa.

Ana cikin haka sai 'yar Yaya ta kira ni. Tana da shekara bakwai lokacin da ya rasu, mahaifiyarta ta koma da ita can garinsu mai nisa, sai dai gaisuwa a waya. Yanzu ta girma, tana jami'a, lissafi take karanta, kan ubanta ta ɗauko. Cikin hira ta ce ba ta tuna muryarsa sosai, ta tambaye ni ko akwai wani abu nasa a wurina. Bakina ya suɓuce na ba ta labarin gada. Sai ta ce, “Baffa, kada ka taɓa. In an ba mu hutu zan zo, ni zan buga wa Babana.” Ta sa ranar Asabar, wato jibi ke nan daga ranar da Giwa ta cika.

To, ta yaya zan nuna wa yarinya rundunar ubanta da launin toka? Na matsa wa Injiniya lamba, ya shiga kasuwar tsofaffin kaya ya fita, har ya samo katin da zai shiga jikin Giwa. Ya miƙo mini ranar Alhamis da rana, ya ce, “Amma kada ka sa. Wannan ya fi nata cin wuta, akwatin wutarta ba zai ɗauka ba. Ka bari zuwa Litinin in samo wani akwatin, mu haɗa gaba ɗaya.” Na ce to. Na tsallaka titi ina lissafi, Litinin ta yi nisa, yarinya Asabar za ta zo, Lahadi ta koma. Na ce a raina, Giwa da ta jure shekara ashirin, kwana uku ne zai gagare ta? Na sha ganin yadda yake yi, ba wani abu ba ne, ƙusa biyu ne da turawa.

Na rufe shago da wuri, na kwance mata murfi, na zare tsohon katin na zura sabo. Na danna maɓalli. Ta yi shirunta na kullum, sannan ta ce “ɗiiit”. Na buɗe wasan, kuma ina shaida a gaban kowa cewa ban taɓa ganin shuɗi irin na ranar ba, fes, kamar sabon yadi da ba a taɓa wankewa ba. Har na juya hagu zan ce Yaya ka gani. Sai fankar ta sauya murya, “guur, gur, gur”, sannan na ji “fas!”, allo ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta da warin ƙonanniyar roba. Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe.

Na rungume ta na tsallaka titi da gudu, babu ko takalmi. Injiniya ya ciro faifan ajiyar, ya jona shi a na'ura uku daban-daban, ya kara a kunnensa, babu ko “ƙirit”. Wutar da ta ƙona akwatin ta bi ta kansa. Bai ce mini ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Kujera kawai ya turo mini ya ce in zauna. Da-na-sani ƙeya ce, ga ni ina ta shafa tawa.

Marigayiya ta rasu ta bar monita mai ƙatuwar ƙeya, wadda har yanzu lafiyarta ƙalau sai dai ba ta da abin nunawa. Ta bar kibod da haruffan gefen hagu suka goge saboda yatsun Yaya, da linzami mai ƙwallo a ciki, da lasifika biyu, ɗaya ta riga ta kurmance. Ta bar faifan wasanni goma sha ɗaya a cikin kwalin takalmi, marayu, babu mai karɓar riƙonsu. Ta bar kujerun roba biyu. Ta kuma bar ni, ina neman gafararta, don ba tsufa ne ya kashe ta ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gobe Juma'a Injiniya zai cire abin da zai amfani wasu a jikinta, fanka da ƙwaƙwalwa, a ba mabukata kyauta. Ni zan kaɗe mata ƙura da burushin keke, in naɗe ta da ragowar farin yadi. Ranar Asabar da hantsi, in mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo da kurarsa, za a miƙa masa ita, kuma ba zan karɓi ko sisi ba. Faifan ajiyar zai zauna a aljihun keken ɗinkina. Za a karɓi gaisuwa a shago. Ina roƙon masu zuwa, don Allah kada wanda ya ce mini in sayi sabuwa, na san ana sayarwa.

Saura ke, 'yata. Sau huɗu na ɗauki waya zan kira ki ina ajiyewa, shi ya sa na rubuta wannan, kuma ke zan fara tura wa. Na ɓata miki abin da kika ce kada in taɓa, ki yafe wa Baffanki. In kin fasa zuwa ba zan ga laifinki ba. Amma ki sani, shekara goma sha biyu ina kallon taswirar nan, babu dutse ko bishiyar da ban haddace ba. Na shimfiɗa takardar da nake yanka samfurin riga a kan teburin da Giwa ta bari, na zana kogin da alli, na zana gadar da ganuwa biyun. Na zazzage gwangwanin maɓallan riga, na tsince jajaye na jera nawa, na tsince shuɗɗa na jera na mahaifinki, kowane soja a inda ya bar shi. Guda ɗaya ya kasa, na cire daga rigata.

Bayan an tafi da gawa zan goge kujerar hagu in zauna a ta dama. Ƙofar shago a buɗe take har magariba, kuma har yanzu shuɗi ake jira.