Tsarabar Yashi

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Legas na farko ba, kuma ba na jin waɗanda muka ɗauki hoto tare a bakin teku za su manta da ni.

Ni ɗan Keffi ne, unguwar Liman Abaji, ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin kula da muhalli a Abuja. Babban ruwan da na sani shi ne kogin Antau, wanda da rani ko akuya tana tsallake shi. Sai ogana ya tafi Umra, aka ce in wakilce shi a taron ƙasashen Afirka ta Yamma kan yadda teku ke cinye gaɓa. Na amsa da sauri kafin su sake shawara.

Babana a Antau ya ƙare ƙarfinsa, yana haƙar yashi yana loda wa tifa, har idanunsa suka mutu. Tun muna yara yake cewa direbobi sun ba shi labarin yashin teku, wai laushinsa kamar garin tuwo, kuma in Allah ya yarda sai ya je ya taka shi. Bai samu zuwa ba. Da na je yi masa sallama ya riƙe hannuna ya ce, "Ba na son yadi, ba na son turare. Ka ɗebo mini yashin nan ko cikin tafin hannu ne, in taɓa in ji."

A taron na koyi abin da ban sani ba. Ashe yashi tafiya yake yi, ruwa na tura shi daga gaɓar wannan ƙasa zuwa ta maƙwabciyarta. In wata ta gina katangar tashar jiragen ruwa ta tare shi, sai ta gaba ta wayi gari teku ya shigo wa mutane ɗaki. Shi ya sa ake son a haɗa kai, a riƙa zuƙo yashi daga ƙarƙashin ruwa ana mayar wa gaɓar da ta rame. Da aka zo kan masu kwasar yashi ba izini, sai na miƙe (babu wanda ya tambaye ni) na ce duk wanda ya ɗebi ko cikin cokali a hukunta shi. Aka tafa mini, kaina ya kumbura. Baki dai shi ke yanka wuya.

Ranar rufe taro aka kai mu wata gaɓa da aka gama cikawa da sabon yashi. Kowa ya tsaya yana kallon ruwa, ni kuwa na sunkuya kamar mai gyaran takalmi, ina ɗura yashi a leda. Na ce cikin tafin hannu ya yi wa Baba kaɗan, na ƙara, na sake ƙarawa (kwaɗayi ko a kan yashi kwaɗayi ne). Na cusa ledar a aljihun babbar rigata, wuyan rigar ya rinjaya gaba kamar na goya yaro a ƙirji.

Sai aka kira hoto. Saboda jawabina aka jawo ni sahun gaba, kusa da shugabar taron, wata dattijuwa mai gilashi. Mai hoto ya ce mu gyara tsayuwa, na buɗe kafaɗa, sai na ji ɗinkin aljihu ya ce ɓarat. Ledar ta faɗo ta fashe a kan takalminta. Ta dubi tulin yashin, ta dube ni, ta ce, "Malam, hukuncin da ka ce a yi, yanzu za mu fara ko sai an gama hoto?"

Dariyar da aka yi har direban motarmu ya jiyo ta. Na sa ƙafa na baje yashin, na koma mota na zauna ni kaɗai.

A gida na juya aljihun, na karkaɗe ɗan abin da ya maƙale a ɗinki a tafin Baba. Ya daɗe yana murza shi, ya ɗan taɓa a harshe, ya yi murmushi. Sannan ya ce, "To ruwan fa? Faɗa mini yadda yake."

A nan na gane ban kalli tekun ba. Ina sunkuye ina sata, daga baya ina sunkuye don kunya. Na ce, "Babba ne, Baba." Ya ce ai wannan ya sani.

Na yi masa alkawarin in damina ta wuce zan kai shi ya ji ƙararsa da kunnensa. Kafin ta wuce ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau ina kewarsa, kuma tambayar nan ta fi dariyar Legas yi mini ciwo. Abin da na koya shi ne, in an aike ka ganin abu, ka ɗaga kai ka gan shi tukuna. Kuma in za ka yi wa'azi a kan ɓarayi, ka fara duba ɗinkin aljihunka.