Rarrafe a Gaban Suruki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na fito daga teku da ƙafa huɗu ba, ni da furfurata, a gaban matata da 'yata da mijin 'yata. Har yau in na tuna sai in ji gishiri a maƙogwarona. Bari in faro muku daga tushe, don in na fara daga ƙarshe cewa za ku yi tsohon nan ya zautu.

Ni injiniya ne, mutumin Zariya, na daɗe a Lanham, nan Maryland ta Amurka. Da na yi ritaya sai zaman gida ya ishe ni, ni kuma na ishi Hajiya, matata. Shi ne 'yata Ummi ta rubuta sunanmu ni da ita Ummin a ajin koyon nutso, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya a shiga ƙarƙashin ruwa. Ni na jawo wa kaina. Tun tana ƙarama nake cika mata baki cewa a zamanina ni kifi ne a rafin Kubanni. (Tsakani da Allah sau biyu na taɓa shiga Kubanni, ruwan iya gwiwa, kuma duka biyun sai da na sha bulala a gida.)

Mun koya a wani wurin iyo na cikin gini a Annandale, sannan aka kai mu wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, can cikin Virginia, muka yi jarrabawa. Ruwan lum, kamar na randa. Aka ba ni kati mai hotona, na saka shi a gaban lasisin tuƙi don kowa ya gani.

To, sai batun Nura, mijin Ummi. Bakano ne, likitan haƙori, mai ladabi. Ba ni da abin cewa a kansa. Amma ku ma kun sani, a wurinmu suruki ba abokin hira ba ne. In ya zo gidana ya durƙusa ya gaishe ni, in ce, "Yaya aiki?" ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba," shi ke nan an gama. Ni a ganina mutunci nake yi masa. Ashe Ummi, da aka haifa a nan, ƙiyayya take gani.

Saura mako guda mu tafi hutun da za mu yi nutso a teku, tana tuƙa ni a mota, ta fashe. Da Turanci ta yi maganar, don ita in ranta ya ɓaci Hausarta gudu take yi. Ta ce an ba Nura aiki a Texas, kuma ya ce ita za ta zaɓa, su tafi ko su zauna. "Dadi, zaman me zan yi kusa da uban da ko kallon mijina ba ya iya yi?" Na kau da kai ina kallon titi. Kwana biyu kafin nan Hajiya ta raɗa mini cewa Ummi na da juna biyu. Wato jikana na fari za a kai Texas, in riƙa ganinsa a waya.

Cikin nan nata ne kuma ya sauya komai. Mai juna biyu ba ta nutso, kuma dokar abin ita ce ba a shiga ruwa mutum ɗaya, dole da abokin tafiya. Nura ya daɗe yana nutso tun yana jami'a. Saboda haka da muka sauka a wani tsibiri na Karebiyan, abokin tafiyata ya zama mutumin da hirarmu ba ta taɓa wuce "yaya aiki" ba.

Wurin da muka je ba a shiga jirgin ruwa. Daga kan yashi kake takawa da ƙafarka, da kayanka a baya, har ruwa ya ɗauke ka. Ni ban taɓa yin irinsa ba. A ramin dutse akwai matakala, kuma babu igiyar ruwa ko ɗaya.

Nura ya tsuguna a kan yashi zai yi mini bayani, idonsa a ƙasa. Ni kuma na juya ina kallon teku, don babba ba ya zura wa suruki ido. Sai ya fara:

"Baba, wasu mutane sukan riƙe takalman a hannu, sai ruwa ya kai ƙirji sannan su saka."

Takalman su ne faffaɗan nan masu kama da ƙafar agwagwa. Na ce, "To."

"Wasu kuma ba sa juya wa teku baya ko kaɗan, saboda igiyar ruwa."

"Madalla."

"Sannan wajen fitowa, in ruwa ya yi ƙarfi, yawanci akan bar abin numfashi a baki, a yi rarrafe har a kai busasshen yashi."

Nan kunnena ya miƙe. "Rarrafe?"

"E, Baba. Wasu sun ce haka ya fi."

Ku duba Allah! Yaron nan dokokin tsira da rai yake gaya mini, amma kunya ta hana shi ya ce "yi kaza, bar kaza". Ni kuwa na ɗauka labarin wasu yake ba ni. A raina na ce, su waye waɗannan wasu da ba su da aiki sai rarrafe? Tambayoyi fal a bakina, amma ina, in tambayi surukina? Sai na gyaɗa kai kamar wanda ya san komai.

Kafin a shiga dole kowa ya duba kayan ɗan'uwansa. Kowace maɗauri Nura zai taɓa a jikina sai ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Da ya kai kan tukunyar iskata sai ya ce, "Kamar dai tana son a ƙara buɗe ta kaɗan." Daga baya na gane ba wani kaɗan. A rufe take ruf, na manta ban buɗe ba.

Duk da haka na zauna na zura takalman agwagwa tun daga kan yashi. Taku uku na yi, ƙafar dama ta take ta hagu. Hajiya, tana zaune ƙarƙashin wata lema ruwan ɗorawa, ta ɗaga murya: "Alhaji, duk bakin tekun nan kai kaɗai ne ka sa su daga nan!" Na cire, na ce dama gwadawa nake yi.

Shiga dai mun shiga lafiya. A ƙarƙashin ruwa kuwa kaina ya juye sarai. Ban san ina ne gaɓa ba, ban san ina ne tsakiyar teku ba, ga kifaye kala-kala suna wuce ni ko a jikinsu. Ban san lokacin da na damƙe hannun Nura ba, kuma ban sake shi ba. Can ya nuna mini wani ƙaton kunkurun teku yana tafiyarsa a hankali, sai na ji numfashina ya daidaita. Wallahi na ji daɗi irin wanda na daɗe ban ji ba. A can ƙasa babu babba babu yaro, duk wanda ya san hanya shi ne gaba. Yana duba agogon iskata a kai a kai, da ta kai inda ya kamata ya yi mini alama muka juya.

Da muka taso sai na tarar teku ta sauya hali. Igiyoyin da muka bari ƙanana sun girma, suna dukan gaɓa da ƙara. Nura ya hango lemar Hajiya, ya ce daidai nan ne mafitarmu. Muka matsa inda ƙafa ke taɓa ƙasa, ya cire nasa takalman, ya tsaya yana lura da yadda igiyoyin ke zuwa.

"Baba, in babbar nan ta wuce sai a tafi. Da an bar abin a baki. Da gwiwa, in Baba ya ga dama."

Babbar ta wuce. Na tafi, gwiwata ta taɓa yashi, hannuwana ma. Har na yi rarrafe biyu, lafiya ƙalau. Sai tsautsayi ya sa na ɗaga kai. Ga Ummi a tsaye. Ga Hajiya ta saita waya. Ga Nura ya sha gabana, a tsaye ƙyam, ya miƙo mini hannu. Ni kuma ga ni durƙushe a gaban ƙafafunsa, kamar wanda ya zo neman aure.

Wani abu ya taso mini tun daga Zariya. Na ce a raina, duniya ta ƙare ke nan, uban mata ya durƙusa wa suruki? Sai na yi duk abin da wasu ba sa yi, a lokaci guda. Na miƙe tsaye da takalman agwagwa a ƙafata da tukunya a bayana. Na tofar da abin numfashi. Na ba teku baya. Na buɗe baki na ce, "Bari, zan iya da kai..."

Ban ƙarasa ba.

Abin da ya biyo baya, har yau ban iya jera shi daidai ba. Na ga sama, na ga yashi, na sake ganin sama. Gilashin fuskata ya koma kan kunne. Na nemi yin salati, ruwan gishiri ya cika bakin. Igiya ta kai ni gaba, ta dawo da ni baya, wata ta zo ta karɓa. Na rasa ƙasa na rasa sama. Da na ɗan samu iska sai na ji ni kwance rigingine a kan tukunya, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya tafi, na kasa juyawa. Tsoro na gaske ya kama ni. Na kwarma ihu da Hausa: "Jama'a ku cece ni! Na nutse!"

(Daga baya na kalli bidiyon. A daidai wannan lokacin wata tsohuwar Baturiya tana wucewa kusa da kaina da hularta, ruwan iya idon sawunta.)

Sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba. "Baba! Buɗe baki! Riƙe wannan! Numfasa!" Aka cusa mini abin numfashi. "Juya! Gwiwa ƙasa! Rarrafa, kada ka tsaya!" Babu wasu, babu in Baba ya ga dama. Nura ne. Ni kuwa ko musu babu, na bi umarni tiryan-tiryan, kuma abin mamaki, a karon farko tun safe na fahimci komai. Wata igiyar ta zo ta dake ni, amma da yake ina ƙasa da iska a bakina, sai kawai ta tura ni gaba.

Ina cikin rarrafe na waiga gefena. Nura ne, da tukunyarsa a baya, hannu da gwiwa a ƙasa, yana rarrafe kafaɗa da kafaɗa da ni. Shi da babu abin da ya hana shi tafiya da ƙafarsa. Haka muka jero mu biyu har gaban lemar Hajiya.

Ummi tana kuka tana dariya. Hajiya ta sauke waya ta ce, "Sannu kifin Kubanni." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Na zauna ina tari, yashi har cikin kunne. Da na samu kaina na dubi yaron nan, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Nura, ni dai na san abin da ya kai ni ƙasa. Kai kuma me ya sa ka rarrafe?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba yana ƙasa, ni ina tsaye? Ai da mahaifiyata ta ji, da ta daina amsa wayata."

Dariya ta ƙwace mini, ruwan teku ya fito ta hanci. Sai shi ma ya kama, amma can ya daina ya ce, "Baba, a yafe mini tsawar da na yi. Mai nauyi a baya ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi. Na tsorata ƙwarai." Nan na gane. Ni ina ta tsaron girmana, shi kuwa raina yake tsaro.

Na ce, "Zauna nan kusa da ni. Maimaita mini bayanin nan tun daga farko. Amma in ka sake ce mini wasu, zan saɓa maka." Ya maimaita dalla-dalla, na yi tambayoyina har guda nawa, ya amsa. Daga nan hira ta zarce kan Kano da Zariya da haƙorina na dama da ke damuna. Ummi tana gefe tana kallonmu. Washegari muka sake shiga, na riƙe takalmana a hannu, wajen fitowa kuma na rarrafa da gadara, ban ɗaga kai na kalli kowa ba.

Hajiya ta rantse ƙanwarta kaɗai ta tura wa bidiyon. Juma'ar da muka dawo, ina fitowa daga masallaci wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, ya ruwa?" Har yau a Lanham Sarkin Ruwa ake ce mini.

Maganar Texas kuwa ban sake jin ta ba. Sun kama gida a Clinton, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Jikana yanzu ya fara rarrafe, kuma duk sanda ya ratsa falonmu da gudu sai Hajiya ta ce, "Allah sarki, gado ba karambani ba."

Ina jin ta sarai. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ni dai abin da na ƙara a kai shi ne, in teku ta ce ka durƙusa, ka durƙusa da kanka tun da wuri, don in ita ta durƙusar da kai, ba ta duba ko surukinka na wurin.