Ilu da Muryar Baba

A Unguwar Marke akwai wani gida mai mutum biyu: Malama Tabawa da ƙanenta Ilu. Ilu ya haura arba'in, ba ya ƙarya, ba ya gardama, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ita kuwa Tabawa shekara uku ta yi tana naɗar muryoyin tsofaffin garin suna ba da tarihi, tana ɗorawa a shafin intanet. Har da muryar mahaifinsu, wadda ta naɗa wata biyu kafin ya rasu. Duk suna kan sabar, wato kwamfutar wani kamfani da ke can birni.

Da aka tura ta kwas Zariya, sai ta zaunar da Ilu gaban kwamfuta, ta nuna masa allon da ake kula da sabar daga cikinsa. Mu maƙwabta muka ce to, Allah ya kyauta.

Wata rana ta bugo ta ce, "Ilu, in ka ga ja a allon, ka kira ni." Kafin azahar ya kira ta sau tara, tana cikin aji.

"Yaya, akwai ja."

"A ina?"

"A kusurwa. An rubuta fita."

Maɓallin rufewa ne, tun da aka yi shi ja ne.

Wata rana ta ce ya canza lambar sirri, kada ya faɗa wa kowa. Ya canza. Washegari ta so shiga daga Zariya, ta tambaye shi.

"Yaya, kin ce kowa."

"Ni ce fa, Ilu!"

"Na gane muryarki. Amma ke ma kowa ce."

Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ƙarshe ta haƙura.

Wata rana kuma ta ce, "Kullum ka sauke kwafin muryoyin nan, kuma kada ka ajiye biyu wuri ɗaya." Ita faifai biyu take nufi. Ilu ya bi gari gida gida yana aron waya. Yau ta mai shayi, gobe ta ladan, jibi tawa. Ya cika mana memori har hoto ya ƙi ɗaukuwa. Na zage shi, ban ɓoye ba.

Ana saura kwana uku ta dawo, sabar kamfanin ta lalace, komai ya tafi. Suka ba da haƙuri, suka ce sai dai a ɗora sabo. Tabawa ta sauka daga mota idonta jawur, don a zatonta Ilu ya yi shirmen da ya saba, babu kwafin da ya tsira. Ba shafin take wa kuka ba, muryar Baba ce.

Tana wucewa ta teburin mai shayi sai ta tsaya cak. Muryar Baba ce ke fitowa daga wayar mai shayi, yana ba da labarin shekarar da aka haƙa rijiyar masallaci, mutum shida sun yi tsit, shayinsu ya huce. A shekara uku na shafin, ba na jin mutum shida na garin nan sun taɓa buɗe shi. Ni dai kunyar zagin nan ta kama ni.

Da yamma waya talatin da ɗaya suka taru a tabarmarta. Ta share hawaye, ta jawo kwamfuta.

"Ilu, lambar sirri."

"Yaya, juya baya tukuna," in ji shi.

Ta juya, tana dariya tana kuka, ya rufe yatsunsa da hula ya shigar.