Rasuwar 'Yar Tsintuwa, Kwamfutar Shagon Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Kafinta na bakin layi, a madadin kansa da wansa, Yaya, da duk masu zaman benci a ƙofar shagonsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta wasa, wadda aka fi sani da 'Yar Tsintuwa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kusurwar shago, tsakanin injin goge katako da buhun ƙusa, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara huɗu a haɗe, ko da yake wasu sassan jikinta sun haura ashirin.

Marigayiyar ba 'yar masu hali ba ce, kuma ba ta taɓa ɓoye asalinta ba. Kayan cikinta daga wani ofis suka fito, ranar da aka zubar da tsofaffin kwamfutoci. Fuskarta allon wani shagon buga takardu ne, mai baƙin ɗigo a kusurwar dama. Lasifikarta ta rediyon motar Yaya ce. Fankarta kuwa har yau ba a san iyayenta ba. Likita, mai gyaran kwamfuta na tsallaken titi, shi ya harhaɗa su, ya zuba mata manhajar da ke sa ta kwaikwayi injinan shagon gem na da, waɗanda ake jefa wa kwabo. Abin da aka saya sabo kawai shi ne sandar wasa da jajayen maɓallai, domin Kafinta ya ce nan ne wurin da hannu ke zama.

Masu cewa mutum mai furfura ba shi da abin yi da wasan yara sun faɗi nasu, an ji, an gode. Su ba su san cewa tun suna yara, Yaya ne ke riƙe sanda a shagon gem, Kafinta na tsaye a gefe yana leƙe ta ƙarƙashin hammatarsa ba. In ya rage saura rai ɗaya, sai Yaya ya matsa ya ce ƙanensa ya karɓa, shi kuwa ƙanen ya kashe jirgin wasan cikin ƙiftawar ido. Bayan shekara talatin, Yaya ya zama direban babbar mota, ƙane ya zama kafinta, sai ƙanen ya ga lokaci ya yi da za a rama.

Gidan da marigayiyar ta zauna a ciki Kafinta ne ya gina mata da hannunsa, kuma a nan ne za a faɗi gaskiya ko da ta yi ɗaci. Mako uku ya yi a kan akwatin nan. Ya ɗauko katakon da ya hana masu sayen gado da masu sayen ƙofa, ya haɗa shi haɗin da ko allura ba ta samun hanya, ya manne bayan da gam don kada kan ƙusa ya ɓata masa aiki, ya shafe shi da mai har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Likita ya zagaya akwatin sau biyu, ya ce, "Maigida, ka huda mata baya ta sha iska." Kafinta ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsa, ya ce, "Katakon nan zan huda? Ka san shekarar da na ajiye shi kuwa?" Daga nan Likita ya koma tsallaken titi.

An shaidi marigayiyar da haƙuri da wadatar zuci. Wasa dubu biyu ne a cikinta, amma ɗaya tak aka taɓa nema, na ƙaramin jirgin nan mai harbi, kuma ba ta taɓa nuna ɓacin rai a kan sauran ba. Ba ta san intanet ba, ba ta nemi a sabunta ta ba. In an tashe ta, sai ta ce "tiit" sau ɗaya, ta ɗan yi gyaran murya, "ƙurrr", ta kama aiki. In ana harbi, "fiu, fiu, fiu". In jirgi ya faɗi, sai ta yi "tan, tan, taaan", a hankali, ba tare da ta yi wa kowa dariya ba. Wannan hali ne da masu zaman benci ba su koya daga gare ta ba.

Babbar amanar da ta riƙe ita ce jerin gwanaye. Wata Asabar, shekara uku da suka wuce, Yaya ya dawo daga doguwar tafiya, ko wanka bai yi ba ya kama sanda da hagu, maɓalli da dama. Bai ɗago ba sai da ya ci maki dubu ɗari huɗu da tamanin da bakwai da ɗari uku. Harafi uku kawai jerin ke karɓa, don haka ya rubuta YAY, ya hau saman kowa. Bayan wata biyu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mota ta tafi, tafiya ta ƙare, hannun da ke riƙe sanda ya kwanta a cinya.

Tun daga lokacin, duk Asabar da yamma ana kawo Yaya shago, a zaunar da shi a kujerar da Kafinta ya yi masa mai dogon hannu. Marigayiyar tana da wata ɗabi'a: in an bar ta babu mai taɓawa, sai ta riƙa nuna jerin gwanaye da kanta. Yaya ya zauna ya jira, haruffan nan uku su fito, ya gyaɗa kai, su wuce, ya sake jira. Shi ne abu na ƙarshe da ya yi da hannu biyu, kuma duk duniya a nan kaɗai aka rubuta.

Shi kuwa Kafinta, yau da gobe hannunsa ya faɗa. Layi tara da ke ƙasan YAY duk KAF ne. Sau da yawa yakan kai dubu ɗari huɗu da tamanin, da rayuka biyu a ajiye, sai kawai a ga jirginsa ya miƙe ya rungumi harsashi, ya sake, ya kuma sake. Sai ya bugi gefen akwatin ya ce maɓalli ne ya maƙale. Marigayiyar ta sha wannan ƙazafi shekara uku, ba ta taɓa tona masa asiri ba.

Ciwon ajali ya fara ne da tari. Fanka ta riƙa "kar, kar, kar" kafin ta juya. Daga nan jiki ya ɗauki zafi, har kyanwar shago ta ƙaurace wa buhun garin katako ta koma kwana a kan akwatin. Sai faifan da take ajiye komai a cikinsa ya soma "ƙas, ƙas", kamar agogon bango. Likita ya tsallako ya kasa kunne, ya ce a buɗe ta yau ɗin nan ya kwafe abin da ke ciki. To amma buɗewa na nufin a sa zarto a bayan nan da aka manne da gam. Kafinta ya shafa katakon, ya ce a bari Asabar ta wuce. Asabar huɗu suka wuce.

Ranar Talata ta tashi kamar kullum, ta ce "tiit". Ba ta kai ga gyaran murya ba. Aka ji ƙaurin roba, fuskarta ta yi baƙi, kyanwa ta sauka ta fita.

Da aka yanka bayan akwatin, Likita ya duba, ya cire tabarau. Ya ce wasanni ba matsala ba ne, ana samunsu ko'ina, amma jerin gwanaye ya tafi tare da faifan. Ganin yadda Kafinta ya zauna a ƙasa cikin garin katako, sai ya rage murya ya ce, "Akwai hanya. In na haɗa wata, zan iya shiga ciki in rubuta lambar da hannu, har da YAY ɗin. Ba zai gane ba." Kafinta ya amince, ya tafi gidan Yaya da niyyar ya ce ɗan gyara ne kawai ake yi. Bai gama sallama ba Yaya ya dubi fuskarsa, ya ce da bakinsa mai nauyi, "Ta mutu ko?" Nan Kafinta ya zauna a bakin gado ya faɗi komai, har da zarto, har da shawarar Likita. Ya yi kuka, kuma bai ce garin katako ne ya shiga masa ido ba. Yaya ya ce a gaya wa Likita an gode, amma makin da hannu bai ci ba, ya riƙe abinsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar allo ɗaya mai baƙin ɗigo, da lasifika, da sandar wasa wadda kanta ya goge, da maɓallai shida da ba su taɓa maƙalewa ba. Ta bar kyanwa ba wurin kwana. Ta bar Likita, wanda ya faɗi gaskiya tun ranar farko, kuma ana roƙonsa ya daina maimaitawa. Ta kuma bar uwargidan Kafinta, wadda ta ce ta yafe mata duk abincin da ya huce saboda ita.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma a ƙofar shago. Kayan ciki za a miƙa wa Likita, ko wata marainiyar za ta amfana. Faifan za a naɗe shi a tsumma mai tsabta a sa a aljihun teburin aiki, kusa da ma'auni. Daga nan Kafinta zai huda akwatin da hannunsa, huji goma sha biyu, kuma ana roƙon masu ta'aziyya su dubi wani wajen yayin da yake yi.

Bayan haka za a saka magajiyarta, ita ma 'yar tsintuwa ce daga wani ofishin. Jerin gwanayenta babu kowa a ciki, kuma kada wanda ya taɓa ta kafin a kawo Yaya. Wasan farko mutum biyu ne za su tuƙa jirgi ɗaya: Kafinta zai riƙe sanda, Yaya zai danna maɓalli da hannunsa na dama. Sharaɗi ɗaya Yaya ya kafa, ya kuma ce a rubuta shi a nan yadda ya faɗa, don jama'a su zama shaida:

"Ka gaya wa yaron nan, in ya sake kai jirgi bakin harsashi da gangan, zan tashi in tafi gida. Shekara uku ina kallonsa. Hannuna ne ya shanye, ba idona ba."