Yadda Za Ka Samu Masu Jajanta Maka Bayan Likita Ya Raba Ka da Alkama

Idan likita ya hana ka alkama, ka duba hagu da dama ba ka ga mai yi maka sannu ba, kwantar da hankalinka. Matakan nan an gwada su a kan mutum mai rai, Na'Allah mai awon gyaɗa na Illo, a shekarar da aka karɓi mulkin kai. Na ba ka tabbacin za su yi aiki, ko da ba ta inda ka zata ba.

1. Samu ciwo mai daraja

Kada ka yarda cutarka ta zama irin ta kowa. Na'Allah shi ne na farko a unguwarsu da ya saba karyawa da dogon burodin Dahome, wanda fatake ke shigowa da shi daga tsallaken iyaka. Yakan maƙale shi a hammata ya ratsa kasuwa a hankali don a gani. Shekara uku cikinsa na kumbura, yana ramewa, yana zaryar bayan gida, mutane na cewa sammu ne. Sai wani likita a Birnin Kebbi ya gaya masa hanjinsa ne ba ya shiri da alkama. Ba burodi, ba taliya, ba funkaso, ba alkaki, har abada.

2. Sanar da iyali da murya mai rawa

Tara su, ka sunkuyar da kai. Na'Allah ya yi haka, ya lissafa abin da ya rage masa a duniya: gero, dawa, shinkafa, masara da wake. Matarsa Rabi ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko da sauran magana, don tuwonta na kan wuta. Mahaifiyarsa Gaji ta dube shi ta ce, "To mine ne abin kuka? Abin da likita yab bar maka, shi munka ci munka girma."

Ka riƙe wannan: ba a neman tausayi a gida, sun san ka.

3. Kafa ƙungiya

Lokacin kowa na kafa jam'iyya, shi ma ya kafa Ƙungiyar Waɗanda Alkama Ta Cuta, ya naɗa kansa shugaba. Taron farko mutum goma sha ɗaya suka zo, saboda an ji Rabi za ta toya waina. Da aka zo ba da labarin wahala, ya gano tara daga ciki ba su taɓa sa burodi a baki ba. Wani tsoho ya tambaya ko alkamar nan tana cikin abin da za a raba idan Bature ya tafi. Waina na ƙarewa taro ya watse.

4. Gwada likita, ko ya yi kuskure

Ranar bikin mulkin kai aka shirya wa manyan gari shayi da burodi a filin makaranta. Na'Allah, da ya samu kujera a cikinsu, ya shawo kan kansa cewa ƙasa ta samu 'yanci, hanjinsa ma ya samu. Ya ci biyu, ya ƙara da na maƙwabcinsa. Lokacin da aka ɗaga sabuwar tuta yana tsugune bayan katanga, daga can ya ji tafi. Kwana huɗu yana kwance, ko koko ba ya zama a cikinsa. Rabi ta daina tsokanarsa, wannan ne ya fi ba shi tsoro.

5. Bari a taimake ka yadda ba ka roƙa ba

Hamma mai shayi, abokinsa tun suna yara, bai taɓa ce masa sannu ba. Amma ranar da Na'Allah ya lallaɓa teburinsa, sai ya tarar an kulle burodi a akwati, an aje masa wainar shinkafa mai zafi kusa da kofinsa. Ya roƙi ɗan gutsuren burodi, don ƙamshi kawai.

"In mutuwa kaka so, tai wani teburi," in ji Hamma. "Ba ni zan kai ma Gaji labari ba."

Wani teburin ma babu. Hamma ya riga ya zagaye fatake da masu tuya ya gargaɗe su. Daga ranar kasuwar Illo duka ta zama mai gadin cikin Na'Allah. Ya miƙa hannu wajen fanke, mai tuya ta ja tirenta. Ya je bikin suna a garin Bahindi, aka tare shi tun daga ƙofa da kwanon fura. Kafin a girbe dawa kumatunsa sun dawo, yana ta yawo yana kai ƙarar cewa an hana shi sakat, ana ta ba shi haƙuri ana ƙara masa tuwo.

Gargaɗi

Ni dai abin da na gani na faɗa. Ban ga cikinka ba, kuma ban san abokanka ba. Idan ka bi matakan nan garinku duka ya sa maka ido, kowace tsohuwa ta riƙa tambayarka yadda bayan gidanka yake a gaban surukanka, kada ka zo wurina. Kai ka ce kana son a damu da kai.